MUNGO PARK, BATUREN DA KWARA TA CI A BUSSA

Daga wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Abekuta da sauran garuruwan Kurmi, duk wanda ya taɓa bin hanyar Ilorin zuwa gida ya san gadar Jebba, ya kuma san yadda zuciya takan yi sanyi in an haye Kwara, don daga nan mutum ya fara jin ƙanshin Arewa. To, a nan Jebba akwai wani dogon gini na dutse wanda Turawan mulki suka kafa don tunawa da Mungo Park da Richard Lander. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ba mu tambayi ko su wane ne ba. Waɗanda suka yi makarantar boko kuwa abin da aka koya musu bai wuce cewa wai Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara ba, kamar dai kakanninmu Sarkawa da Gungawa da Nufawa da ke su a cikinsa tun kaka da kakanni ba su da idanu. A wannan mako za mu kawo muku tarihin mutumin nan, da abin da ya fito nema, da yadda ajalinsa ya same shi a Bussa ta ƙasar Borgu, wurin da yanzu ruwan Tafkin Kainji ya rufe.

ASALINSA

An haifi Mungo Park ran 11 ga watan Satumba na shekarar 1771, a wata gona da ake kira Foulshiels kusa da garin Selkirk a ƙasar Sikotilan. Ubansa manomi ne mai haya, ba mai sarauta ba, ba attajiri ba, kuma shi Mungo shi ne na bakwai cikin 'ya'ya goma sha uku. Da ya tasa aka kai shi wurin wani likita a Selkirk mai suna Thomas Anderson ya koyi aiki, daga nan ya shiga Jami'ar Edinbura a 1788 ya yi karatun likita da ilmin tsirrai.

Mijin 'yar'uwarsa, James Dickson, mai sayar da irin shuka ne a Landan, shi ya haɗa shi da wani babban mutum mai faɗa a ji, watau Sir Joseph Banks. Ta hannun Banks ya sami aikin mataimakin likita a wani jirgin ruwa na 'yan kasuwa, ya tafi tsibirin Sumatra a 1793. Da ya komo sai ya tarad da wata ƙungiya ta manyan Ingila, wadda aka kafa a 1788 don binciken cikin ƙasar Afirka, tana neman wanda za ta aika. Wanda ta aika kafin nan, Manjo Houghton, ya shiga ta Gambiya bai sake fitowa ba. Park yana saurayi ɗan shekara 23 ya ce a tura shi.

Abin da ya dami Turawan zamanin shi ne wannan kogi. Sun ji labarinsa a littattafan Larabawa, sun ji labarin zinariyar Tambutu da ta ƙasar Hausa, amma ba su san inda ya taso ba, ba su san inda ya faɗa ba, har ma gardama suke yi ko gabas ya nufa ko yamma. Waɗansu suka ce reshen Nilu ne, waɗansu suka ce a cikin wani tafki yake ƙarewa. Ba don ilmi kaɗai suke wannan tambaya ba. Kogi hanya ce, wanda kuwa ya san hanya shi zai kai hajarsa kasuwa.

TAFIYA TA FARI

Park ya tashi daga Ingila cikin watan Mayu na 1795, ya iso bakin Kogin Gambiya ran 21 ga watan Yuni. Ya zauna a wani sansanin ciniki da ake kira Pisania wurin wani likita Bature, Dr. Laidley, ya yi jinyar zazzaɓi, ya kuma koyi harshen Mandinka. Ran 2 ga watan Disamba ya kama hanyar gabas bisa doki, tare da tafinta mai suna Johnson da wani yaro bawa mai suna Demba, da 'yan jakuna ɗauke da guzuri da taba da duwatsun ado na kyauta.

Kowace ƙasa ya shiga sai sarki ya karɓi nasa rabo. Sarkin Bondu ya ga rigarsa shuɗiya mai maɓallai masu ƙyalli ya nuna yana so, dole ya tuɓe ya ba shi, har da laima. Matan sarkin kuwa suka kewaye shi suna dariyar farar fatarsa da tsinin hancinsa, a ganinsu tun yana jinjiri aka riƙa tsoma shi cikin madara, ana jan hancin kullum har ya yi tsawo. Kafin ya yi nisa kayansa sun kusa ƙarewa.

Yaƙi tsakanin Ka'arta da Bambara ya tilasta masa ratsewa arewa, ya faɗa ƙasar Ludamar ta Larabawan hamada. Sarkinsu Ali ya sa aka kama shi, aka tsare shi wajen wata huɗu. A nan ya sha wuya iyakar wuya, da ƙishirwa da zagi da wulaƙanci, aka kuma ƙwace yaronsa Demba. Ran 1 ga watan Yuli na 1796 ya sulale da dare ya gudu, ba shi da komai sai ramammen dokinsa da ɗan abin nuna gabas da yamma da ya ɓoye, da hularsa wadda yake cusa takardun da yake rubuta labarin tafiyarsa a ciki.

Bayan mako uku, ran 21 ga watan Yuli, ya iso Segu, babban birnin Bambara, a ƙasar Mali ta yanzu. A nan ya ga kogin da mutanen wurin ke kira Joliba, Zabarmawa su ce Isa, mu mu ce Kwara, Yarabawa su ce Oya. Ya gan shi da faɗi, yana malala sannu a hankali ya nufi gabas. Iyakar abin da ya gano ke nan, kuma mutanen da ya bi ayarinsu ne suka nuna masa da hannu.

Sarkin Segu, Mansong, ya ƙi yarda ya gan shi, aka ce ya nemi masauki a wani ƙauye. Mutanen ƙauyen suka ji tsoro, ba wanda ya buɗe masa ƙofa. Ya wuni gindin itace ba ci ba sha, ga hadari ya taso, ga namun daji. Da magariba wata mace tana dawowa daga gona ta gan shi, ta ji tausayinsa, ta ɗauki sirdi da linzami ta ce ya biyo ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gasa masa kifi, ita da matan gidan suka kwana suna kaɗi suna rera waƙa a kan baƙon da ba shi da uwa da za ta kawo masa nono, ba shi da mata da za ta yi masa niƙa. Da gari ya waye abin da ya iya ba ta tukwici shi ne maɓallai biyu na jikin rigarsa. Daga baya Mansong ya aiko masa da wuri 5,000 ya ce ya yi guzuri ya bar ƙasar.

Ya bi kogin har wajen mil 80 zuwa wani gari Silla, a nan ƙarfinsa ya ƙare, damina ta kama, ya juyo. A hanyar komowa har rubutun sha ya yi don ya sami abinci. A Kulikoro mai masaukinsa ya kawo masa allo ya cika shi da rubutu ciki da baya, mutumin ya wanke ya shanye, don ya sami tsari daga mugayen mutane. Gaba kaɗan 'yan fashi suka tare shi suka tuɓe shi, Allah ya sa suka jefo masa hularsa mai takardu.

Yana tsakanin rai da mutuwa ya isa Kamaliya, inda wani fatake mai cinikin bayi, Karfa Taura, ya sauke shi, ya ciyad da shi wata bakwai har ya warke. Tare da ayarin bayin Karfa ya komo Gambiya cikin watan Yuni na 1797, ya kuma ga da idonsa yadda ake ɗaure mutane a wuya, da yadda ake barin wadda ta kasa tafiya a daji. Jirgin da ya ɗauke shi ma jirgin bayi ne na Amurka. Ya sauka Ingila ran 22 ga watan Disamba na 1797, bayan mutane sun riga sun fid da rai da shi.

SUNA YA FITA, ZAMA YA GAGARA

Littafin tafiyarsa ya fito a 1799, aka yi ta rububinsa, aka juya shi zuwa waɗansu harsunan Turai. Abin yabo a littafin shi ne ya nuna wa Turawa cewa mutanen Afirka mutane ne kamar kowa, da birane da kasuwanni da alƙalai da makarantun allo, da masu kirki da mugaye. Abin zargi kuwa shi ne, duk da abin da ya gani, bai fito fili ya la'anci cinikin bayi ba.

A wannan shekara ya auri Allison, 'yar maigidansa Dr. Anderson, suka haifi 'ya'ya huɗu. A 1801 ya buɗe aikin likita a garin Peebles. Amma wanda ya saba da tafiya zama ba ya yi masa daɗi. Hawa doki cikin sanyi da dusar ƙanƙara don duba marasa lafiya a ƙauyuka ya gundure shi, hankalinsa yana can Joliba. Har wani malami mutumin Maroko ya ɗauka yana koya masa Larabci. Da gwamnatin Ingila ta neme shi ya koma, bai yi jinkiri ba. A lokacin ya riga ya gaskata cewa Kwara da Kogin Kwango abu ɗaya ne, ya ƙudura zai bi ruwan har teku ko ya mutu a kansa.

TAFIYA TA BIYU

Wannan karo ba shi kaɗai ya zo ba. An ba shi muƙamin kyaftin, ya tashi daga Ingila ran 31 ga watan Janairu na 1805 tare da surukinsa Alexander Anderson da wani mai zane, George Scott, da kafintoci. A tsibirin Gore na Senegal ya ɗebi Laftana Martyn da sojoji 35 da matuƙa jirgi biyu. Duka-duka Turawa arba'in da 'yan kai, da bindigogi da jakuna masu yawa, da wani fatake mai suna Isaaco a matsayin jagora.

Kuskurensa na fari shi ne lokaci. Sun makara, ba su bar Gambiya ba sai gab da faɗuwar damina, shi kuwa ya san abin da damina ke yi wa Bature a wannan ƙasa, amma ya ƙi jira. Ruwa na sauka zazzaɓi da atuni suka faɗa wa sojojin. Suna tafe suna zubewa, wani a bar shi a ƙauye, wani a gindin itace, ga ɓarayi, ga kuraye da zakoki suna bin sawu. Sa'ad da suka hangi Kwara a wajen Bamako tsakiyar watan Agusta, mutum goma sha ɗaya kaɗai suka rage da rai.

A Sansandin, ƙasa da Segu, Park da wani soja guda suka haɗa tsofaffin kwale-kwale biyu suka yi jirgi mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6, ya sa masa suna Joliba. Ran 28 ga watan Oktoba surukinsa Anderson ya mutu. Duk wani mai hankali da nan zai juya, amma mai rabon shan duka ba ya jin bari. Ya rubuta wasiƙunsa na ƙarshe zuwa ga matarsa da gwamnati, ya danƙa wa Isaaco tare da littafin tafiyarsa ya kai bakin teku. Wajen 19 ga watan Nuwamba na 1805 jirgin ya tashi da Park da Martyn da sojoji uku, ɗaya ma ya taɓu, da bayi uku, da sabon tafinta mai suna Amadi Fatuma, wanda aka yi jinga da shi zai raka su har ƙasar Hausa.

Kuskurensa na biyu ya fi na fari muni. Saboda wuyar da ya sha a hannun Ali na Ludamar, ya yanke shawara ba zai sauka ƙasa ba, ba zai biya kuɗin fito ba, kuma duk kwale-kwalen da ya matso za a buɗe masa wuta. Haka suka wuce mashigar Tambutu, suka wuce Gawo, suka ratsa ƙasar Buzaye da ta Zabarmawa suna harbi, mutane da yawa suka halaka. Abin bai ɓace a zukatan jama'a ba. Wajen shekara hamsin bayan haka, da Dr. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bi wannan gaɓa, ya tarad da tsofaffi suna ba da labarin jirgin Nasara mai harbin kowa. Duk da haka sun yi tafiyar fiye da mil 1,000 a ruwan da babu Baturen da ya taɓa bi, har suka iso Yawuri a farkon shekarar 1806.

DUWATSUN BUSSA

Masu karatu su tuna wane lokaci ne wannan a ƙasar Hausa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin shekararsa ta biyu, an ci Birnin Kebbi a 1805, an gwabza a Alwasa a ƙarshen shekarar, Shehu yana zaune a Gwandu. Kowane sarki na bakin Kwara a tsorace yake, kowane baƙo abin tuhuma ne.

A Yawuri jingar Amadi Fatuma ta ƙare, ya sauka. Bisa ga labarin da ya bayar daga baya, Park ya ba wani hakimi kyauta, ya kuma ba shi zobban azurfa da albarushi ya kai wa sarki. Hakimin ya tambaya ko Turawan za su komo ta nan, da ya ji ba za su komo ba sai ya danne kayan, ya aika wa sarki cewa sun wuce ba gaisuwa. Sarki ya husata, ya sa aka ɗaure Amadi, ya tura mayaƙa su tare jirgin a Bussa, inda duwatsu suka tsuke kogin ruwa ke bi ta wata 'yar ƙofa da ƙarfi. Jirgin ya maƙale, aka yi ta zuba musu kibau da masu da duwatsu. Da suka ga ba mafita, Park da Turawan da suka rage suka faɗa ruwa, Kwara ta tafi da su. Bawa ɗaya ya tsira, daga bakinsa Amadi ya ji yadda aka ƙare. Park yana da shekara 34.

Wannan labari sai a 1810 aka fara bin sawunsa, sa'ad da aka sake aiken Isaaco ya nemo Amadi. Masana tarihi ba su karɓe shi duka ba, don Bussa ƙasa ce mai sarkinta, ba a ƙarƙashin Yawuri take ba. Richard Lander, wanda ya je Bussa tare da Kyaftin Clapperton a 1826, ya ji wani bayani dabam, cewa mutanen Bussa sun zaci 'yan gaban rundunar Filani ne suka iso. Shi kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, ya bayyana masa cewa da Park ya zo lokacin da ruwa ya cika da ya wuce duwatsun lafiya. Ko wanne ne gaskiya, abu guda ya tabbata, mutumin bai tsaya ya tambayi masu ruwa ba, alhali matambayi ba ya ɓata.

Matarsa ta rayu har 1840. Ɗansa Thomas ya ƙi yarda uban ya mutu, ya sauka a gaɓar ƙasar Gana ta yanzu a 1827 don ya nemo shi, zazzaɓi ya kashe shi bai yi nisa ba. Tambayar da Park ya mutu a kanta kuwa, Richard Lander da ƙanensa John suka amsa ta a 1830. Sun je Bussa da Yawuri, inda aka nuna musu wani littafin lissafin matuƙa jirgi daga kayan Park, sa'an nan suka bi ruwa ta Lakwaja har suka faɗa teku ta ƙasar Brass. Ashe Kwara ba Kwango ba ce, ba Nilu ba ce, a nan Kudu inda kuke zaune take ƙarewa, bayan tafiyar wajen mil 2,600 daga duwatsun Gini. Ta wannan ƙofa jiragen 'yan kasuwa suka shigo, kamfani ya biyo, bayan kamfani sai soja, har a 1900 Lugga ya kafa hedkwatarsa ta fari ta mulkin Arewa a Jebba.

BUSSA TA YAU

Wanda ya je neman duwatsun da suka ci Mungo Park yau ba zai gan su ba. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80, ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri. An tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, aka gina Sabuwar Bussa, inda fadar Sarkin Borgu take. Garin yana cikin Jihar Kwara har 1991, sa'ad da aka mai da Borgu Jihar Neja. Wutar lantarkin da ake samu daga Kainji tana cikin wadda kuke kunnawa a Ikko da Badun, amma waɗanda suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu ƙarƙashin ruwa ba kasafai ake tunawa da su ba.

Sabuwar Bussa ƙaramin gari ne mai tsari, yana da cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta tarayya da kwalejin koyon kula da namun daji. Masunta na kama giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa, ana banda ana kai wa kasuwannin Kudu. A 1979 aka haɗa dajin Borgu da na Zugurma aka yi Gandun Dajin Tafkin Kainji, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000, inda akwai dorina da kada a Kogin Oli, da ɓauna da gwanki da kanki da mariya. Shekaru da dama baƙi daga ciki da wajen ƙasa sun riƙa zuwa da rani don kallon namun daji da madatsar ruwa da yawon jirgi a tafki, amma a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sami maɓoya a dajin, ziyara ta ja baya ƙwarai. Mai niyyar zuwa, in ya haye Jebba ya isa Mokwa sai ya ratse yamma, amma ya fara tambayar mutanen gari halin da hanya ke ciki.

To, jama'a, tarihin Mungo Park ke nan. Jarumi ne, wannan ba gardama, amma ba shi ya gano Kwara ba, kai shi aka yi. Zuwansa na fari ba bindiga ba runduna, wata talaka a Segu da wani fatake a Kamaliya suka cece shi ya koma gida da rai. Zuwansa na biyu ya taho da sojoji da harsashi, ya ƙi gaida masu ƙasa, ko kabari bai samu ba. Mu da muke zaman baƙunci a garuruwan mutane, a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu, wannan abin lura ne. Baƙo ko da ido makaho ne, sandarsa kuwa ita ce zaman lafiya da mai masauki. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.